Rigar Kazar Ɗan Juma

Vaulx-en-Velin, 8 ga Satumba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da ladabi, Inna, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da ƙanwata Batula da yaranta da duk mutanen gida. Yaya ƙafar taki? Yaya ƙarshen damina a Damagaram, gero ya nuna? Allah ya kai mu kaka lafiya.

Batula, ke za ki karanta mata, don haka ki zauna ta gefen kunnen da ke ji, kuma ki rage saurin nan naki na masu sanarwa a rediyo. Da hannu nake rubutawa in ɗauki hoto in turo wayarki, domin in na ce zan yi magana, muryata za ta tona ni tun ban gama sallama ba.

Inna, ciwon Ɗan Juma ya dawo. Bara na ce muku ƙarancin jini ne, ki gafarce ni, ba gaskiya na faɗa ba. Kansa ce, ciwon daji na jini. An yi masa magani wata bakwai, gashinsa ya zube ya sake tsirowa, har ya koma aiki, muka ce an wuce wurin. Sati uku da suka wuce ya faɗi a tashar metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Yaro ɗan shekara ashirin da huɗu, yanzu sai an riƙe shi yake zuwa bayi.

Amma ba wannan kaɗai ya sa ni rubutu ba. Na yi wani abu, kuma har yanzu ban san ko laifi ne ba.

Ranar Talata na kai masa kunu asibiti. Wata sabuwar ma'aikaciya ta tare ni a bakin sashensu ta tambaye ni wa nake nema. Na miƙa mata katinsa kamar yadda na saba. Hannunta cike da kaya, ta ce in faɗa mata sunan kawai. Inna, ke kin sani. Ɗan fari ne, ga shi kuma sunan Baba yake ɗauke da shi, kunya biyu a kan suna ɗaya. Shekara ashirin da huɗu bakina bai taɓa furta shi ba. Na ce mata Ɗan Juma, sunan da kika sa masa da kanki. Ta duba ta ce babu mai wannan suna. Ta sake tambaya, na tsaya ina kallon tayil kamar wadda aka kama da sata. Har ta fara tambayata ko da gaske ni ce uwarsa.

Ashe ƙofar ɗakinsa a buɗe take. Shi ne ya ɗaga murya daga kan gado ya faɗa mata sunan. Da na shiga ya juya fuska bango. Kunun ya huce a kan tebur, na dawo da shi gida yadda na kai shi.

Raliatou ƙanwarsa ce ta faɗa min abin da ya ce bayan fitata. Wai yana ganin uwayen sauran marasa lafiya suna rungume 'ya'yansu suna kiran sunansu, shi tasa uwar tana tsayawa a bakin ƙofa kamar mai kawo saƙo. Wai in ya mutu ba abin da zai canza a bakina, tunda dama ba ya ciki.

Tun ranar ba na iya haɗiye abinci. Ki sa shi a addu'a, ni ma ki sa ni.

Ki gaida kowa da kowa.

'Yarki,
Larai

Sevran, 22 ga Satumba

Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina fatan kin tashi lafiya. Batula, sannu da ɗawainiya, na ji an ce ƙaraminki ya yi kaciya, Allah ya raya.

Kin ga daga inda nake rubutowa. An mayar da shi wani babban asibiti a Paris, ni kuma na sauka a ɗakin da babansu yake haya a nan Sevran, kusa da Paris, saboda aikinsa na kasuwar Rungis. Lokotoron da ke duba shi ya ce akwai wani sabon magani mai ƙarfi da za a gwada, shi ne ya rage. Sai dai a ƙasar nan yaro in ya wuce sha takwas ba uwa ba uba, sai shi ya sa hannu da kansa. Inna, ya ƙi. Ya ce ya gaji, ya ce wa zai sha wannan wahala dominsa. Lokotoron ya ce ba za su tilasta shi ba, amma kowane sati da ya wuce jikinsa yana ƙara rauni, akwai ranar da ko ya yarda ba zai iya ɗaukar maganin ba.

Kuma ya sa an cire sunana daga cikin masu shiga wurinsa. Babansu yana shiga, shi tuni cike takardun Faransa ya wanke masa baki, yana faɗin sunan kamar yana faɗin na titi. Raliatou tana shiga. Ni ina zaune a kan benci a baranda daga safe har la'asar, ina kallon takalman masu wucewa. Wayata ma ba ya ɗauka.

Kada ki ce ban gwada ba. Shekaranjiya na lallaɓa har jikin ƙofarsa, na dafa ta, na ce yau sai na kira shi. Na buɗe baki, harshena ya yi nauyi, na ji kamar Baba yana tsaye a bayana. Abin da ya fito shi ne Ɗan Juma. Na ji ya ƙara ƙarar telebijin.

Wani lokaci haushinsa yake kama ni, gaskiya. Wa ya goya shi cikin ƙanƙara zuwa asibiti yana shekara uku? Wa take ƙin cin abinci sai ta ji mabuɗinsa a ƙofa? Wa take ɓoye masa ƙashin da ya fi ɓargo ta ce wa Raliatou ya ƙare? Ni na ɗauka duk yana gani. Na ɗauka ya san wanda ba a kiran sunansa shi ne wanda ya fi nauyi a zuciya. Amma a ina zai sani? A Vaulx aka haife shi, a nan ya yi lekol, makarantar boko, ba kaka ba goggo da za ta ja shi gefe ta yi masa bayani. Na kawo kunyar daga gida, na manta ban kawo mutanen da ke fassara ta ba.

Akwai wani abu kuma da ban taɓa faɗa muku ba. Wata ƙungiya tana shirya gudu duk shekara a Lyon, babban birnin da muke zaune a gefensa, a tara taimako domin matasa masu kansa, waɗanda sun wuce sashen yara amma ba su kai zama cikin tsofaffi ba. Da abin da ake tarawa ake gyara musu ɗakin zama a asibitoci, ake sama wa iyayensu masauki. Gudun nasu na wasa ne, kowa sai ya yi shigar ban dariya, wani kura, wani ayaba, wani jariri da bulumboti. Bara da ya samu sauƙi ya shiga, ya sayi rigar kaza, rawaya, mai ƙafafu da tukku ja. Ya roƙe ni sau uku in zo in tsaya a bakin hanya kawai. Na ce Allah ya kiyaye, ni da girmana in je kallon ɗan fari yana tsalle a rigar kaza a gaban jama'a. Da matan unguwa suka tambaye ni ina yake, na ce yana wurin aiki. Raliatou ta ce da ya iso ƙarshen gudun sai da ya tsaya yana duba fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

Ban san abin da zan yi ba, Inna. Ina jin tsoro ƙwarai. Ki faɗa wa Batula abin da kika gani ta turo min.

Ina gaida ku baki ɗaya.

'Yarki,
Larai

Vaulx-en-Velin, 6 ga Oktoba

Inna,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ya aikin kaka? Saƙonki ya iso, na gode da sadakar da kika yi da addu'ar da kika sa aka yi. Kin ce in yi haƙuri, yaro ne, in ya girma zai gane. Inna, ki yafe min, amma wane girma? Lokotoro ya ce kwanakin da suka rage a fara maganin ba su kai ashirin ba.

Ga abin da na yanke. Batula, kada ki tsaya yi min sharhi a tsakiya, ki karanta har ƙarshe.

Akwai wata ma'aikaciyar jinya a sashensu, Christine, babbar mace mai furfura, ita ce take kawo min ruwan zafi a kan bencina. Ita ta faɗa min gudun bana ranar Lahadi mai zuwa ne. Ta ce ana nuna shi kai tsaye a telebijin ɗin ɗakunan matasan, har na Paris. Kowane mai gudu ana liƙa masa takarda a baya da sunan wanda yake yi dominsa, in ya iso ƙarshe kuma a miƙa masa mikro ya faɗi sunan da bakinsa. Ta ce Ɗan Juma ya riga ya ce a kunna masa, saboda abokansa za su yi. Ba ta ce min in je ba, ta dai ajiye kofin ta dube ni ta tafi.

Ƙofarsa a rufe take, wayarsa a rufe take. Wannan telebijin ita kaɗai ce hanyar da muryata za ta shiga ɗakin. Don haka na dawo Lyon na sa Raliatou ta rubuta ni.

Rigar kazar tana nan a saman kabad ɗinsa, har yanzu da ƙanshin turarensa. Na kulle ƙofa na gwada ta. Ta yi min tsawo, sai da na naɗe ƙafafun na ɗinke. Na tsaya gaban madubi na ga wata ƙatuwar kaza da idon Larai, ban san lokacin da na zauna a ƙasa ina kuka ba, daga baya kuma dariya ta zo. Abin da zan ce in kare ta shi ne, ta fi duk zannuwana rufe jiki, ko hijabina yana shiga cikin kan kazar ya zauna daidai.

Kilomita biyar ne. Ni da nake hutawa sau biyu kafin in hau bene na uku. Kullum da hantsi muna zagaya unguwa da Raliatou, ita tana gaba tana ƙirga min da Faransanci, ni ina baya ina haki ina tsine wa gwiwata. Maƙwabciyarmu Hadja Fatou ta hango mu ta taga, kafin azahar labari ya gama gari. Ta zo har gida da fuskar jaje ta ce ta ji zan yi shigar dabba in yi gudu cikin maza, ko damuwa ce ta taɓa ni, a nema min rubutu. Na ba ta shayi, na ce in tana da wata hanyar da za ta sa ɗana ya sa hannu ta faɗa min yanzu in bi. Ta shanye shayinta ta tafi. Babansu kuwa da na faɗa masa a waya cewa kawai ya yi in sayi takalmi mai kyau.

Gudun ba ya ba ni tsoro, bakin mutane ma na daina ji. Abu biyu ne suke cin raina. Na farko, zazzaɓi ya kama shi tun jiya, ni kuma ina nan nesa da shi tafiyar awa biyu a jirgin ƙasa. In wani abu ya faru ranar Lahadi, za a ce uwarsa tana ina? Tana cikin rigar kaza. Na biyu, ina gwada faɗin sunan ni kaɗai a kicin, na kunna famfo don kada in ji kaina, har yau ban wuce harafin farko ba. In aka miƙo min mikro bakina ya sake kullewa a gaban idonsa, to na kashe shi da hannuna.

Ba izini nake nema ba, Inna, domin in kika hana ban san yadda zan yi ba. Gafara nake nema tun kafin in yi. Sunan mijinki ne, sunan ubana ne, zan faɗe shi a gaban dubban mutane.

Ki yi min addu'a ranar Lahadi da hantsi.

'Yarki,
Larai

Sevran, 15 ga Oktoba

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki, Inna, ina gaida Batula da yara. Da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Ni ƙafafuna sun kumbura, a cikin roba da ruwan ɗumi suke yanzu da nake rubutu.

Na je. A wani babban lambu aka yi, mai tafki a tsakiya. Ban taɓa ganin taron mahaukata masu hankali irin wannan ba. Wani dattijo da rigar amarya, wasu 'yan mata huɗu a cikin rigar tsutsa ɗaya, wani ya yi shigar tukunya. Ana kiɗa ana tsalle. Amma da aka jera mu na tsaya a bayansu, sai na ga kowane baya da suna. Wasu sunayen an zana musu fure a gefe, Raliatou ta ce waɗannan sun riga sun tafi. Matar da ke gabana tana sanye da kunnuwan zomo, a bayanta an rubuta Sofia, da fure. Tana ta dariya da kowa. Daga nan na daina ganin abin a matsayin wasa.

Raliatou ce ta liƙa min tawa takardar. Ban ga abin da ke jiki ba, amma na ji nauyinta kamar goyo.

Kilomita na farko na yi gudu, in za a kira wannan gudu. Na biyu na koma tafiya. A na uku gwiwar hagu ta riƙe, zufa ta cika rigar, tukkun yana faɗo min a ido, na zauna a kan wani dutse na ce shi ke nan. Kuma abin da ban yi tsammani ba, mutanen da ke bakin hanya suna karanta takardar bayan mutum su kira sunan don su ƙarfafa shi. Inna, sunan Baba yana ta tashi ta ko'ina daga bakin Turawan da ba su san shi ba, da karyayyen harshensu. Da farko na toshe kunne. Can sai matar nan mai kunnen zomo ta dawo baya, ta kama fiffikena ta ɗaga ni. Tare muka ƙarasa, ita da Raliatou suna riƙe da ni dama da hagu.

Mu ne kusan na ƙarshe. Har sun fara naɗe igiyoyi. Na ji tsoro ko an kashe abin ɗaukar hoton, amma mai mikro yana nan, wani saurayi da hancin roba ja. Ya tambaye ni don wa na yi gudu, ya miƙo min.

Na cire kan kazar domin yaron ya ga fuskata. Bakina ya kulle kamar yadda na ji tsoro. Na tsaya, mai mikro yana murmushi yana jira. Sai na tuna shi bara a daidai wurin nan yana duba fuskoki.

Batula, abin da ke tafe kada ki tsallake shi, kada ki ce mai sunan Baba. Ki karanta yadda na rubuta.

Na ce Illiassou. Muryata ta fito a shaƙe, ban tabbata an ji ba, sai na sake da ƙarfi. Illiassou, ɗana na fari. Na faɗa da Hausa, na faɗa da Faransanci. Na ce ya sa hannu, domin akwai mai jiransa, ta daɗe tana jira a bakin ƙofa. Daga nan ban san me na ƙara ba, Raliatou ta ce sai da suka karɓe mikron a hankali.

Ko wanka ban tsaya yi ba, na cusa rigar a jaka muka kama jirgin azahar. Duk hanya wayata ba ta yi ƙara ba. Na ce ko bai gani ba, ko zazzaɓin ya kwantar da shi, ko ya gani bai ishe shi ba. Ban taɓa yin tafiya mai tsawon wannan ba, har da zuwana ƙasar nan.

Da muka isa, Christine tana baranda. Ba ta tambaye ni wa nake nema ba. Ta tura ƙofar ta matsa gefe.

Ya rame, Inna, ya rame ƙwarai, sati uku rabona da fuskarsa. Ya dube ni ya ce na ɓata masa riga, wa ya ce in ɗinke ƙafafun. Sannan ya ce in sake faɗa, yana so ya ji ba ta telebijin ba. Na zauna a bakin gadon, abin da ban taɓa yi ba, na riƙe hannunsa na faɗa. Ya rufe ido ya ce in ƙara. Har aka zo sallamar baƙi ina faɗa.

Jiya Litinin ya sa hannu. Ba zan yi miki ƙarya irin ta bara ba. Lokotoro ya ce sai zazzaɓin ya sauka kafin a fara, kuma an yi jinkiri, bai yi mana alkawarin komai ba. Yau da safe bai sauka ba. Ina cikin tsoron da ban taɓa shiga ba, ina roƙon Allah ya bar min shi, ko da shekara ɗaya ce in ƙoshi da kiransa.

Ɗazu yana shan kunu, cokali uku ya sha, na yi masa bayanin kunyar ɗan fari tun daga tushe, abin da ya kamata in yi tun yana lekol. Ya saurara har ƙarshe. Sai ya tambaye ni, tunda ni ma 'yar fari ce, ko ke kin taɓa kiran sunana. Na ce a'a, Larai kawai kike ce min, kuma ban taɓa shakkar kina sona ba. Ya ce ba wannan ya tambaya ba, ya ce ko na taɓa so in ji.

Ban ba shi amsa ba. Ke zan ba.

Shekarata arba'in da tara, Inna. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zan kira wayar Batula daga ɗakinsa, in sa yadda shi ma zai ji. In ya yi miki nauyi ba zan yi fushi ba, na san nauyin, na ɗauke shi kilomita biyar. Amma zan kira, kuma zan yi shiru in jira.

Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

'Yarki ta fari, uwar Illiassou,
Hapsatou